Sunan da Aka Karce a Bayan Faifai

Na daɗe ina sayar da kwamfutoci 'yan gwanjo a Samaru, kuma ba wanda ya koya mini aikin sai asara. Abin da na riƙe shi ne, idan injin faifan CD ya ƙi karatu, kada ka taɓa sukudireba sai ka saka wani faifan. In ya karanta, injin lafiyarsa ƙalau, faifan ne ke da matsala.

Wata rana wata malamar firamare daga Palladan ta shigo shagona da kwamfuta naɗe a zani. Mijinta ya rasu. Shi ke jan mawaƙan cocinsu, kuma faifai ɗaya tak ke ɗauke da muryarsa. Da faifan ya fara sarƙewa, ta kai wa wani mai gyara a Sabon Gari. Ya ce idon injin ya mutu, ya canja mata wani. Tun daga nan ko tari faifan bai ƙara yi ba.

Na saka nawa faifan, ya karanta nan take. Na ɗaga nata wajen haske. Ƙasansa maiƙon yatsu ne kawai, abin da tsumma mai laushi zai share. Amma a bayansa, gefen da ke da fenti, an karce sunanta da ƙusa, har haske na ratsowa ta haruffan.

"Mama, wa ya rubuta wannan?"

"Mai gyaran ne, ɗana. Wai kada ya haɗe da na mutane."

Ta kwatanta mini wurinsa, na ce ta jira ni, na rufe shago, na hau babur har Sabon Gari. Na tarar da shi yana cin gyaɗa. Na nuna masa karcen.

"Haba Oga, ai ban taɓa gefen mai sheƙi ba," in ji shi. "Haka nake yi wa rediyo da dutsen guga."

"Faifai dutsen guga ne? Gefen mai sheƙin roba ce zalla! Waƙar tana kwance ƙarƙashin fentin bayan nan, ko ɓawon albasa ya fi ta kauri. Ka tone muryar mamaci da ƙusa, kana cin gyaɗa!"

"To, sai haƙuri."

Haƙuri! Da maƙwabtansa ba su riƙe ni ba, da na kife masa teburin.

Abu ɗaya ya taimake mu: injin yana fara karatu daga tsakiyar faifai ne ya yi waje, karcen kuwa ya fi yawa a gefe. Da na koma shagona, na goge faifan, na kwafe waƙoƙin farko cikin wayarta. Ta kara a kunne tana saurare.

Can ta ce, "Akwai wadda ya yi mini ranar aurenmu. Ita ce ta ƙarshe."

Na duba. Daidai kan waƙar nan harafin farko na sunanta ya zauna, ya cinye ta. Na faɗa mata gaskiya, don ba na ɓoye wa mai kaya. Ta naɗe faifan a zaninta ta fita. Har yau in na wuce shagon mai gyaran nan sai na ji zuciyata tana tafasa.