Ta Hagun Yaya

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tashar Unguwa Uku, ni da ƙanwata. Ita ta ɗauko jaka kamar mai shirin aikin Hajji, ni kuwa kayan sawa kala ɗaya na riƙo, sai fargabar da na kwana da ita.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san mahaifinmu ya rasa ganinsa shekarun baya. Watan jiya muka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Likitocin suka ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Amma sun nemi wata alfarma. Suna bincike a kan gidajen da ciwon yake bi, suna son duk 'ya'yan Baba su zo a duba su. Mu mata muka amsa nan take. Yayanmu, wanda Baba yake zaune a gidansa a wani ƙauye bayan Basirka, ya ce shi idonsa garau, kada a sa shi a ciki. Acaba yake yi, da ita yake ciyar da gidan. Tafiyar tamu ta zuwa ɗauko Yaya ce.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma duk da haka mutum huɗu aka cusa mu a kujerar mutum uku. A gadar Wudil kogi ya cika ya batse, masu soyayyen kifi suna turo faranti ta taga. Ƙanwata ta saya, ta cinye nata, ta dubi nawa, na miƙa mata. Bayan Kwanar Huguma hanya ta yi shiru, dawa ta yi kai a gonaki hagu da dama, har duwatsun Birnin Kudu suka ɓullo. Nan ƙanwata ta sauka, za ta kwana gidan goggonmu don ta yi sammako ta kama mana layi. Ni na canza mota.

Bas ɗin Gwaram sai da ta cika sannan ta motsa, kuma cikar tata har da buhunan taki da wata akuya da ta yi ta kallona kamar mun taɓa haɗuwa. A Sara muka tsaya aka sauke kaya, na sayi dafaffiyar gyaɗa mai ɗumi, na kasa ci. Rana ta take sosai kafin mu isa Basirka.

Yaya yana jirana a bakin titi a kan babur ɗinsa. Na sauka ta ɓangaren hagunsa, na taho har na kusa taɓa kafaɗarsa, ina ɗaga masa hannu. Bai motsa ba. Sai da na yi sallama ya juyo gaba ɗaya, kai da kafaɗa, ya yi dariya ya ce hankalinsa ne ya tafi wani wuri. Na hau baya muka tafi.

Hanyar ƙauyen 'yar siririya ce, yashi a wasu wuraren, taɓo a wasu, dawa ta yi mata katanga ta kowane gefe. Yaya ya san ta kamar tsakar gidansa, yana kauce wa ramuka tun kafin in gan su. Amma na lura duk 'yan taku sai ya ɗan karkata kai zuwa hagu, ya mayar, ya sake karkatawa. Mun fito wani fili inda gonaki suka rabu, sai na hango shanu suna fitowa daga burtali ta hagu. Farar saniya ce a gaba, ƙahonta kamar baka. Ina ganinta sarai. Na jira ya rage gudu. Bai rage ba. Na sake jira, don ban so in yarda da abin da nake gani. Da ta sa ƙafa a hanya na damƙi rigarsa na ce, "Yaya, saniya."

Ya taka birki, babur ya yi tangal-tangal a yashi, muka zube cikin gonar gyaɗa. Saniyar ta wuce ko kallonmu ba ta yi ba. Makiyayin, wani dattijo mai malafa, ya zo ya taya mu ɗaga babur yana ta jera sannu. Gwiwata ta kuje, salansar babur ta ƙone ni kaɗan a ƙafa. Yaya yana kakkaɓe wando yana faɗan cewa shanun yanzu ba su da ta ido. Dattijon ya dube shi, ya dube ni, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya bi dabbobinsa. Sauran hanyar ban ɗauke idona daga hagu ba ko sau ɗaya.

A gida matar Yaya ta wanke min ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, ta dama min fura da nono mai kauri irin wanda ba ma samu a Kano. Tana shafa min man kaɗanya ta rage murya ta ce wannan ne faɗuwa ta uku tun farkon damina. Ta ce yara ma sun gane, in za su miƙa masa abu sai su zagaya ta damansa. Ta yi masa magana sau ɗaya, ya yi kwanaki ba ya cin tuwonta.

Bayan la'asar na same su a zaure, shi da Baba. Na faɗi abin da ya kawo ni. Yaya ya ce, "Ke kin san garin nan. Yau aka ji an duba min ido a asibiti, gobe ba mai hawa babur ɗina. Ki faɗa min me zan ba su su ci."

Baba ne ya yi magana, fuskarsa tana fuskantar ƙofa. "Nawa ma ta gefe ya fara," in ji shi. "Ina noma sai in sare dawa ina zaton ciyawa ce. Na ɓoye, don kada a ce na gaza. Kai kuma ba dawa kake ɗauka ba, 'ya'yan mutane ne."

Yaya ya tashi ya fita. Har aka yi magariba bai dawo ba, ni kuma na fara tunanin motar da zan bi in koma ni kaɗai. Da safe sai na tarar da shi ya sa babbar riga yana goge babur. Ya ce in hau, da kansa zai kai mu Birnin Kudu. Na ce ba zan hau ba. Tunda nake ban taɓa yi masa musu ido da ido ba. Muka tsaya haka a ƙofar gida, maƙwabta suna wucewa suna gaishe mu. Can ya tura babur ɗin cikin zaure, ya kira wani abokin sana'arsa ya fitar da mu titi. Muka shiga mota. Da muka tsaya a Gwaram ya sayi gasasshiyar masara, ya karya, ya ajiye min rabi a cinya yana kallon taga.

Ƙanwata ta kama mana wuri tun da wuri. Wata likita mai sanyin magana ta zaunar da mu, ta yi bayani da Hausa. Ta ce a cikin ido akwai wani ruwa da yake shiga yana fita. In hanyar fitarsa ta cushe sai ya matse jijiyar gani, ta riƙa mutuwa a hankali, galibi daga gefe, ba zafi ba ja. Ta ce abin da suke nema su gane shi ne dalilin da ya sa yake bin wasu gidaje, yake kuma kama mutanenmu da sauran ƙuruciya. Don haka za su ɗebi jini kaɗan, in mun yarda, su riƙa kiran mu lokaci-lokaci suna auna yadda magani yake aiki. Ta ce wanda bai yarda ba za a duba shi a ba shi magani kamar kowa. Yaya ya tambaya ko za a faɗa wa wani sakamakonsa. Ta ce ba mai ji sai shi. Sai ya ce a bar ni in shiga tare da shi.

An ɗiga masa magani, an auna ƙarfin matsin idon, an haska ciki an ɗauki hoto. Sai aka kai shi gaban wata na'ura mai kama da babbar ƙwarya a jingine, ya ɗora haɓa, aka rufe ido ɗaya, aka ba shi maɓalli. Duk sanda ya ga ɗigon haske ya ƙyafta, ya danna. Da idon dama yana dannawa, yana ɗan tsallakewa. Da aka koma na hagu, ina zaune a bayansa ina kallon babban yatsansa. Ya danna sau ɗaya. Sai shiru. Na'urar tana ta ƙaramin kukanta, yatsan yana nan a sama yana jira. Can ya ce, "Likita, an fara ne?"

Ta ce, "An fara, Malam. Ci gaba da kallon tsakiya."

Daga baya ta nuna mana hoton. Na hagu kusan duk baƙi ne, sai 'yar taga a tsakiya. Na dama ya fara cinyewa daga sama, amma mafi yawansa yana nan. Ta ce na hagun ba za su iya dawo da shi ba, babu inda aka kai ga wannan tukuna, shi ake ta nema. Na daman kuwa ana iya tsare shi, da maganin ɗigawa kullum, in bai isa ba a yi masa ƙaramin aiki. Ta gaya masa gaskiya cewa ɗaukar fasinja da irin wannan gani haɗari ne. Yaya ya daɗe yana kallon hoton, ya miƙa hannu aka ɗebi jinin.

Ƙanwata ta fito lafiya lau, ta ce ita dama idonta na hango abinci ne. Ni aka ce matsin idona ɗaya ya ɗan hau, jijiyar ba ta taɓu ba tukuna, in dawo a sake aunawa. Na je ɗauko wani, ashe har da ni a layin.

A tashar Birnin Kudu muka rabu. Yaya ya hau motar Gwaram da ledar magani a hannu, mu muka hau ta Kano. Hadari ya biyo mu tun daga Wudil, ruwa ya sauko muna shiga gari, muka isa gida jiƙe sharkaf.

Abin da tafiyar nan ta koya min bai da yawa. Ciwon nan ba ya sallama, kuma mai shi ne na ƙarshen yarda. In akwai wanda ya makance a gidanku ba tare da an san dalili ba, ku je a auna ku tun kuna gani, ku ja wanda ba ya son zuwa. Ban san yadda gidan Yaya zai kasance ba, kuma ba zan ce muku an samu mafita ba. Muna dai shawarar a ba wani babur ɗin ya riƙa aiki da shi, Yaya ya koma gona sosai. Shi bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Jiya matarsa ta kira ni. Ta ce yana ɗiga maganin safe da yamma, yana mita. Babur yana jingine a zaure. Mukullin kuwa Baba ya ce a ba shi ya taɓa, ya jefa a aljihun rigarsa, kuma har yau Yaya bai iya buɗe baki ya tambaye shi ba.