Mai Masaukinmu na Dakar

Abubuwan ƙuruciya da yawa sun kwanta mini, amma hutun da na yi a garinmu Jugu ina ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, shi kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ƙasarmu ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, ana ce mata Dahome, kuma ba mu da jami'ar kanmu. Duk wanda ya ci bak, wato jarrabawar fita lise, sai ya nemi waje. Ina karatu a Paraku, ina zaune a unguwar Ganu gidan wani aminin babana, kuma tun da wuri na san tarihi zan karanta. 'Yan ajinmu masu neman likitanci suna ce mini mai hira da matattu. Ban damu ba, don na fi su maki, su ma sun sani.

Wuri biyu aka ba ni zaɓi, Abijan ko Dakar. Malaminmu na tarihi ya ce a Dakar Turawa suka tara takardun mulkinsu na ƙasashen nan duka, har da abin da kumandojinsu suka rubuta a kan ayarin goro da ke ratsa garinmu. Ni kuwa jikan fatake ne, jin haka zuciyata ta riga ni zuwa Dakar. Sai dai gwamnati ba ta ɗaukar nauyin ɗalibi sai da yardar ubansa, kuma da an dawo hutu za a rufe maganar.

Na iske Baba a zaure yana zaɓen goro yana yayyafa wa ganye ruwa. Na gaishe shi, na zuba masa bayani kamar lauya: malamai, ɗakin littattafai, girman makaranta. Ya bar ni na gama, ko ɗago kai bai yi ba.

"To ɗan lakwal, ɗan boko, na ji. A Dakar ɗin wa za ka sauka wurinsa?"

"Akwai ɗakunan ɗalibai, Baba."

"Ɗaki na tambaye ka? Mutum na tambaye ka. In ka kwanta ciwo wa zai aiko mini? Abijan muna da mai masauki, can za ka."

Wanda bai tashi cikin fatake ba zai ga abin kamar rigima. A gidanmu ba a barin mutum ya tafi garin da ba shi da mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki da tuwo, ya tsaya masa a kasuwa, ya amsa in an nemi danginsa. Ko Paraku da ke kusa, sai da aka danƙa ni hannun mutum. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ji a jikina cewa na faɗi ba.

Washegari bayan azahar na koma. Na ce, "Baba, kakanka madugu da kake ba mu labarinsa duk Sallah, ranar da damina ta tsare shi a garin nan jakunansa na mutuwa, wa ya sauke shi?"

"Ba kowa. Gindin tsamiya ya kwana."

"Kuma waɗanda suka zo bayansa gidan wa suka sauka? Ba gidansa ba?"

Baba ya ajiye goron hannunsa ya dube ni. "Wato da tarihin gidana za ka kama ni?"

"Ai shi zan je in karanta, Baba. Ka bar ni in zama mai masaukin Dakar."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce saukar da baƙi ba da baki ake yi ba, akwai kamiyon Kanawa, wata babbar mota, da ke tafe da kanwa, baƙina ne, ya bar mini su.

Ranar da suka iso, Baba ya shimfiɗa buzunsa a gefe kamar baƙo. Ni na tare su da ruwa, ni na raba ɗakuna, ni na raba faɗan wasu biyu a kan wanda zai kwana kusa da kayansa. Akwai wani dattijo marar haƙori da ya kasa cin sakwara, na lura, na shiga na roƙi Inna ta dama masa fura ba tare da an ji ba. Wani kuma da zazzaɓi ya kwantar, na goya shi a keke zuwa asibiti. Da jandarmomi, wato 'yan sandan hanya, suka riƙe direba, na je na yi musu Faransancin lise har suka gaji suka sake shi. A kasuwa na tsaya tsakaninsu da masu saye, Hausa nan, yaren Dendi can. Duk wannan Baba bai ce sannu ba, hutu kuwa yana ƙarewa, ni ma ban sake tayar da zancen ba.

Da za su tashi muka raka su bakin mota kamar yadda aka saba. Dattijon nan ya riƙe hannuna yana sa mini albarka. Sai na ji Baba, muryarsa kamar yana faɗin farashin goro, ya ce musu, "In hanya ta kai ɗayanku Dakar, ku nemi yaron nan. Shi ne mai masaukinmu can."

Na sunkuyar da kai don kada Kanawa su ga hawayen mai masauki. Daɗi irin na ranar nan ban ji shi ba ko ranar da aka ba ni digiri.

Dakar na je, takardun nan na karanta su har na ƙoshi. Ban cika shekara ba wani ɗan kasuwa ya buga ƙofar ɗakina da ƙullin goro daga Jugu, ya ce Baba ne ya turo shi. Na ba shi gadon na kwana a ƙasa.

Abin da na koya shi ne, idan babba ya hana ka hanya, ka nemi abin da yake tsoro, kada ka tsaya jayayya da hanin. Baba bai ƙi Dakar ba, rashin mutum ya ƙi, sai na zama mutumin.