Lamba Ɗaya Ce a Kan Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara arba'in da ɗaya ya yi a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, yana gyaran rediyo da agogo da fanka da dutsen guga. Shagon kuwa, in baƙo ya shigo sai dai sallamarsa ta tsaya a waje ta jira shi. Sukudireba ake ce masa, don a aljihun gaban riga, inda mutanen kirki ke maƙala biro, shi sukudireba yake maƙalawa, mai jan mariƙi. Da ita ya zo bikina, kuma kafin a watse ya ɗaure kujeru uku.

Da aka sayar da benen, sabon mai shi ya ce ƙarƙashin matakala wurin ajiye tsintsiya ne. Kawu ya kwaso akwatin kayan aikinsa ya dawo gida. Bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba. Abin da ya yi ya fi haka muni: ya fara gyara abubuwan da ba su lalace ba.

Matarsa, wadda duk dangi muke ce wa Inna, ita ta kira ni.

"Surutu," ta ce, don sunan da suka laƙaba mini ke nan tun ina yaro, kuma ban taɓa ba su dalilin canzawa ba, "ka zo ka fitar da kawunka daga gidan nan. Jiya ya buɗe injin markaɗe yana lafiyarsa ƙalau. Yau ya koma kan agogon bango. Rimot ɗin talabijin a cikin tukunya na ɓoye shi."

"To ina zan kai shi, Inna?"

"Ko ina. In dai babu kayana a wurin."

Ranar Alhamis da rana na kai shi gidan fiza da ke bayan tashar bas, inda ake gasa faffaɗan burodin nan mai cuku a sama. Wuri ne ƙarami: tebur shida, kujerun roba jajaye, da tanderu a can ƙurya, inda mai wurin ke juya ƙullu a iska kamar yana faɗa da shi. Mai Tanderu muke ce masa, mutum ne mai tumbi da fara'a, girarsa kullum da gari. Kafin ma mu zauna Kawu ya girgiza teburin, ya yi tsaki, ya durƙusa. Ko da mai kawo abinci ta iso, ƙafafunsa kawai ta tarar.

"Baba, me za a kawo muku?"

Ya fito ya duba takardar jerin abinci, ya nuna da bakin sukudireba. "Wannan mai naman kaza."

Na san abin da zai biyo baya, amma na yi shiru, don ni ma ina da haƙƙin in ji daɗi a duniya. Da aka kawo, ya daɗe yana kallo.

"'Yata, ina kazar?"

"Ai ga naman kazan nan, Baba, baje a sama."

Ya ɗago yanki ɗaya ya juya shi. "Wannan ai laimar kwaɗi ce. Surutu, ka kawo ni inda ake take burodi da mota, a zuba masa laimar kwaɗi, a ce kaza ce?"

Yanka biyar ya ci cikin takwas. Cukun yana miƙewa daga bakinsa zuwa faranti, yana naɗe shi a yatsa yadda yake naɗe waya.

Kusa da wurin wanke hannu akwai allon sanarwa, wanda duk abin da ke faruwa a unguwar yake manne a jiki. Masu tattakin safiya suna neman ƙarin ƙafafu. Ƙwallon ƙafa ta 'yan sama da hamsin, a zo da maganin shafawa. An ɓatar da kyanwa mai ido ɗaya. Koyon ɗinki, ba da jini, gasar dara. Kawu ya je wanke hannu bai dawo ba, sai na bi shi na tarar ya kafe wata takarda da ido. Laburaren unguwa ne ke cewa akwai ɗaki a baya da za a ba duk mai son tara jama'a ranar Asabar da safe. Sharaɗi ɗaya: gwaji ne na Asabar uku, in ba a taɓa samun mutum biyar sun sa hannu a rajista ba, ɗakin ya koma hannun wani.

"Mutane yanzu," in ji Kawu, ba tare da ya dube ni ba, "fanka ta yi tari sau ɗaya sai su kai ta bola."

A nan tsaye ya ari takarda da almakashi wurin Mai Tanderu. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: KADA KA JEFAR. KAWO MU GYARA TARE, KYAUTA. A ƙasa ya tsaga 'yan wutsiyoyi goma, kowace da lambar waya, irin waɗanda mai so zai yaga ya tafi da ita. Na ce ya rubuta wuri da lokaci mana.

"A'a. Wanda yake da gaske zai kira. Ba na son 'yan kallo."

Mun fita yana tafiya kamar an rage masa shekara goma. Ya biya laburare ya karɓi ɗakin, ya koma gida ya goge kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa wayarsa a caji, ya zauna kusa da ita.

Ba ta yi ƙara ba.

Asabar ta farko na raka shi. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera filaya da sukudirebobi daga babba zuwa ƙarami, ya ɗora ƙarfen narka dalma a kan mazauninsa. Muka zauna daga tara zuwa sha biyu. Malamar laburare, wata siririya mai tabarau a goshi, ta leƙo sau biyu da rajista a hannu. Ni kaɗai na sa hannu, kuma ko tsinke ban kawo ba. Don kada zaman ya tashi a banza Kawu ya gyara mata maƙullin taga.

A hanyar gida na biya gidan fiza ni kaɗai. Wutsiyoyi goma suna nan cif, ko ɗaya ba a taɓa ba. Na waiga hagu, na waiga dama, na yage biyu na cusa a aljihu. Na ce ko ba komai in ya zo ranar Alhamis zai ga alamar motsi.

Ranar Alhamis kuwa da muka zo, don zuwan ya riga ya zama doka, saura biyu kacal a jikin takardar. Kawu ya ƙirga gurbin da sukudireba, fuskarsa ta washe.

"Takwas! Ka gani? Mutum takwas."

Da ya shiga ƙarƙashin wani teburin, na matsa wurin Mai Tanderu. "Faɗa mini gaskiya, nawa ka yaga?"

Ya share hannu a gaban rigarsa. "Ɗaya. Ita ma yarinyar nan mai kawo abinci ɗaya. Tausayi ya ba mu. Kai fa?"

"Ni mutum ne mai yawan tausayi. Biyu."

"To sauran huɗun ba mu ba ne. Da idona na ga wata mata ta yaga, da wani mai hular kwano."

Ke nan akwai mutum huɗu na gaske a duniya. Amma waya shiru. Kawu ya ƙara mata sauti har ƙarshe, shiru. Ya ɗora ta a kan taga don ta fi samun sabis, shiru. Daga ƙarshe, kamar yadda duk wanda ya san shi zai yi tsammani, ya buɗe ta. Ya baje ta a kan tire, ya hura, ya goge, ya mayar, ya ce in kira shi. Na kira daga sunansa da ke cikin wayata, ta yi ƙara har maƙwabta suka ji.

"Lafiyarta lau," ya ce a hankali. "Ashe ba wayar ce ta lalace ba."

Asabar ta biyu ma ni da shi ne da farin ƙyalle. Wannan karon bai gyara komai ba. Da sha biyu ta yi ya mayar da kayan cikin akwati, ya rufe, ya ɗora hannu a kan murfin.

"Surutu, ka san wani mai son kayan aiki? Ba sayarwa zan yi ba. In Asabar mai zuwa ta wuce haka, ka zo ka ɗauke akwatin nan daga gabana."

Na dubi hannunsa a kan murfin. Akwatin nan ya girme ni.

Alhamis ta gaba na ce Inna ta biyo mu, ko ta taya ni karkatar da hankalinsa zuwa wani abu. Ta zo, ta duba fiza sama da ƙasa, ta ce wanda ya yi ta bai gama ba aka kira shi. Sannan ta ɗauki yanka mafi girma. Kawu ko taɓa teburin bai yi ba, alhali yana rawa.

"Ni kam," in ji Inna tana tauna, "'yan damfara sun sa ni gaba kwanan nan. Sabon salo suka fito da shi. Wata ta kira ni wai fankarta ta mutu, ina za ta kawo? Na ce ki kai ta maƙabarta, ni ce mai wankan gawa? Wani kuma wai rediyon babansa. Na ce Allah ya ji ƙan rediyon, ya ba ku haƙuri. Daga rediyo sai su ce turo lambar banki, na san su sarai."

Na ajiye yankan da ke hannuna. Na laluba aljihu, na zaro wutsiya ɗaya cikin biyun da na sata, duk ta cukurkuɗe. Na danna lambar a wayata ɗaya bayan ɗaya. Ina sa ta ƙarshe, suna ya fito a fuskar wayar: INNA. Cikin jakarta kuma kiɗa ya tashi.

"Ga su nan kuma!" ta ce, tana zazzage jaka. "Yau sai na wanke su tas."

"Inna, ni ne ɗan damfarar."

Na ajiye 'yar takardar a tsakiyar tebur. Ta duba, ta dubi allon sanarwa, ta dubi mijinta. Ita ba ta san ya manna wata takarda ba. Ya ɓoye mata, wai sai abin ya kankama ya ba ta mamaki. To, ya ba ta.

"Malam, lambata ka rubuta ka manna a bango? Sau goma?"

Kawu ya ɗauki takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta. "Wannan ai lambata ce."

"Lambata ce!"

Kawu ya sake duban lambar. Kunnuwansa suka motsa, yadda suke yi in ya gano wayar da ta tsinke.

"To ni ina zan san tawa?" ya ce. "Mutum yana kiran kansa ne? Tun da aka fara wayar hannu, kullum azahar daga shago wannan nake dannawa in tambaye ki me zan taho da shi. Aka ce lamba, hannuna ya rubuta. Ita kaɗai ce a kaina."

Mai Tanderu ya juya ya fuskanci wuta, kafaɗunsa na rawa. Inna ta buɗe baki za ta yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Sai ta juyo kaina, don ni ne mafi kusa.

"Kai kuma me ya kawo takardar nan aljihunka? Me ya lalace maka?"

"Hali, Inna."

"Wannan ko kawunka ba zai iya ba. Matsar da farantin nan."

A kan teburin nan mai rawa ta buɗe jerin waɗanda suka kira ta, ta shiga bin su ɗaya ɗaya. Ban taɓa jin muryar Inna da laushi haka ba. "Salamu alaikum, 'yar'uwa, ke ce mai fanka? To ba a binne ta ba dai ko?" Mai fankar ta yi dariya har muna ji. Mai rediyon babansa ya kashe waya sau biyu, a na uku ya saurara. Mai hular kwano, ashe agogo ne da shi. Ta huɗun ta ce ta riga ta jefar da dutsen gugarta, kuma ba ta yafe ba.

Uku ke nan. Da ni huɗu, in na samo abin da zan riƙe.

Ranar Asabar na ɗauki tocilan ɗin da na cire wa batir da gangan. Mai fanka ta zo rungume da fankarta kamar jaririya. Mai rediyo ya zo yana waige-waige, ko matar nan tana kusa. Mai hular kwano ya ajiye agogonsa a kan farin ƙyalle. Kawu ya miƙa wa mai fanka sukudireba, ya ce ita za ta kwance da hannunta, shi nuni kawai zai yi. Cikin minti goma ya manta da mu, ya manta da rajista, yana ta faɗa da wani tsohon gyara da wani ya yi da salatif.

Ni ban manta ba. Sha ɗaya da rabi malamar laburare ta shigo, ta sauko da tabarau daga goshi, ta ƙirga.

"Huɗu, Baba. Saura ɗaya."

Na fara tunanin in fita titi in kamo ko waye, sai muka ji ana jan wani abu a baranda, ƙarfe na karo da ƙarfe. Inna ce, da babban buhu. Ta juye shi a kan tebur: injin markaɗe a gida uku, agogon bango babu hannaye, butar lantarki, da wata rediyo da ban ma san an taɓa ta ba.

"Duk lafiyarsu ƙalau kafin ya taɓa su," ta ce wa malamar. "Ina ake sa hannu?"

Yau wata bakwai ke nan ɗakin yana hannun Kawu. Akwatin yana nan wurinsa. Ranar Asabar kujeru ba sa isa, daga nan kuma a ɗunguma gidan fiza, inda yanzu babu tebur ɗaya da ke rawa. An sake manna sabuwar takarda, wannan karon da wuri da lokaci. Na ce a sa lambarsa ta gaskiya, na ma rubuta masa ita a bayan hannu. Inna ta ƙwace biron.

"Bar tawa," ta ce. "Shi in an kira shi buɗe wayar zai yi ya ga ta ina muryar ta shigo."