Jegon Autata a Hannun Wata

Mijina Malam ya rasu autata tana da cikin wata bakwai, cikinta na fari. Ni ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce ko an ga ina kuka kada a tsaya.

A gidanmu na Limawa duk 'yar da ta yi cikin fari gida take dawowa. Nan za ta haihu, nan zan yi mata wankan jego har ta yi arba'in. Haka na yi wa yayyenta. Wannan ce ta ƙarshe, daga ita babu wata. Kafin ciwo ya kwantar da Malam har itacen dafa ruwan ya sa an jibge a bayan zaure. Abin da ya rage min ke nan nake jira a cikin takaba.

Bayan an share makoki sai ga surukina mijin autar, ma'aikacin sakatariya, ya durƙusa a bakin ƙofa yana murza hula.

"Inna, mun ga kina takaba, ba ma so mu ɗora miki wahala. Za ta zauna a gidanmu na Yalwawa. Mun ɗauko mata dula."

"Me kuka ɗauko?"

"Dula, Inna. Mace ce da ake ɗauka ta riƙa kula da mai ciki, ta raka ta asibiti, ta zauna da ita bayan haihuwa."

"Ungozoma ke nan."

"A'a, ba ta karɓar haihuwa. Kwantar mata da hankali take yi, kamar dai uwa."

Na ce, "Allah Ya yi albarka. Ashe har uwa ake haya yanzu. Idan an ji inda ake ba da hayar miji a sanar da ni, nawa ya tafi."

Ya sunkuyar da kai. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Labari ya dinga zuwar min daga bakin masu shigowa gaisuwa. Wai dular tana ɗora 'yata kan wata ƙatuwar ƙwallon roba tana lilo. Wai tana koya mata numfashi. Yarinyar da tun ranar da na haife ta take numfashi, ashe duk ba daidai take yi ba, mu ba mu sani ba.

Na so matar ta kasance marar kunya don in ji daɗin tsanarta. Sai ta zo da kanta, dattijuwa mai 'ya'ya, ta cire takalmi tun daga zaure, ta yi min ta'aziyya yadda ya kamata. Ta tambaye ni wane kunu 'yata ta fi so. Na ce ta tambayi ƙwallon. Ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, kin fi ni saninta." Ko faɗan ma an hana ni.

Ranar da naƙuda ta taso, da hantsi aka tafi asibiti. Ina zaune a kan tabarma da carbi, ga masu keke-napep suna ta wucewa a ƙofar gida, ni kuwa matar malami ce cikin takaba, duk Limawa ido a kaina. Bayan la'asar dular ta kira a waya.

"Hajiya, barka! Namiji ne, duk suna lafiya. Wallahi ke take ta kira. Inna, Inna, har ya faɗo."

"Wa ya amsa mata?"

Ta ce, "Ni na riƙe mata hannu."

Ita a ganinta albishir ta yi min. Na yi godiya, na kife a kan tabarma.

Duk da haka ban cire rai ba. Haihuwa ta wuce, ai wanka bai wuce ba. Na sa aka ba 'yata waya, na ce ta faɗa wa mijinta takaba ba ta hana ni hura wuta, ya kawo min ita.

"Inna, ba shi ba ne," ta ce. "Ni na roƙe shi. Ba zan iya kwana ina kallon ƙofar ɗakin Baba ba. Ba zan iya jin ɗalibansa suna karatu babu muryarsa ba. Ki yafe min."

Wata biyu ina zagin bawan Allah a zuciyata, shi kuma ya ɗauka ya yi shiru. Me zan ce mata? Ni ma da ina da inda zan gudu daga wannan ƙofa da na gudu.

Washegari na sa aka loda itacen da babbar tukunyar aka kai Yalwawa. Na aika wa dular cewa ganyen darbejiya a ɗebo ɗanye, kuma kada a ƙyale ta ta tsallake wankan yamma, don raguwa ce tun tana ƙarama. Ta aiko cewa ruwan dai ba za a yi shi da zafi irin namu ba, likita ya hana. Na ce to, a yi da na randa ma.

Kafin in fita takaba sun riga sun yi arba'in. Ranar da na fita Yalwawa na fara zuwa. Na tarar da 'yata ta yi kyau, ta murmure, babu abin da zan ce an rage. Aka zaunar da ni a kujera, aka kawo min lemo a faranti. Dular ta zo yin sallama, aikinta ya ƙare. Ita ta miƙo min yaron. Sunan Malam aka sa masa, don haka ba zan iya kiransa ba har in mutu.

Na ce, "Sannu, maigidan. Ka dawo ba ka neme ni ba."

Dular ta ce, "Hajiya, a tallafe masa wuya."

Na tallafe.