Manyeton Mushe Idi

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Zamanin mulkin soja ne, ina gyaran rediyo a kasuwar Filingue, lokacin da mutum sai ya waiwaya kafin ya yi tari.

Akwai wani tsohon malamin lakkwal, wato makarantar boko, ana kiransa da Faransanci Mushe Idi, da ya dawo daga Yamai da manyeto, wato rikoda mai ɗaukar murya, irin mai manyan bandi na tef guda biyu suna juyawa, da bafal biyu, wato lasifika, kowane kamar turmi. Kai, sauti! Idan ya sa kiɗan gurmi sai ka ji har numfashin makaɗin. Mu biyar kullum bayan la'asar muna zaurensa, ana shayi, ana gardamar wane bafal ya fi zaƙi, ba mai taɓa injin sai shi, shi ma sai ya wanke hannu.

Ran nan jandarma suka ɗauke ɗayanmu, Salifu, kan wata magana da ya yi a zauren nan. To wa ke da abin ɗaukar murya? Ni dai zuciyata ba ta yi nisa ba, kan Mushe Idi ta tsaya. Da ya kawo mini injin in share, sai na kwance ɗan ƙarfen da ke ɗaukar magana, na jefa a gwangwani, na mayar masa da injin a haka. Muka daina zuwa, duk mu huɗun. Ya tare ni a hanya ya ce, "Mai gyara, mi na yi muku?" Na ce aiki ne ya yi yawa.

Wata takwas ya rasu. Bayan arba'in matarsa ta aiko mini da manyeton, wai wasiyyarsa ce. Ranar kasuwa, rana tsaka, na haɗa batir na kunna bandin da ke kai. Sai ƙarar kofunan shayi, sai muryarsa tana kiran sunanmu ɗaya bayan ɗaya kamar muna zaune. Da ya zo kaina ya ce, "Na ji an yi maka ɗiya, Allah shi raya. Ba ni na ba, mai gyara. Maido abin da ka ɗauka."

Innalillahi! An haifi 'yar nan sati ɗaya kafin ya rasu. Na zazzage gwangwani, ga ƙarfen nan. Na buɗe injin, ga gurbinsa wayam yadda na bar shi, kuma duk Filingue ba wani manyeto irinsa. Na mayar da bandin baya don maƙwabcina ya ji, sai gurmi kawai.

Salifu ya dawo daga baya, shi ma bai san wanda ya kai shi ba. Na ɗaura ƙarfen a wurinsa, amma ban sake kunna injin ba, kunya ta fi tsoron yawa. Ku dai idan kuna zargin mutum, ku tambaye shi tun yana da bakin amsawa.