Ƙulƙuji a Gidanmu

Shekarar da na jawo intanet gidanmu na unguwar Biafra, a Treichville ta Abidjan, sai da na yi wata guda ina lallashin Baba. Shi falke ne na gidi, yana da shagon atamfa a Adjamé, kuma a ganinsa kwamfuta abin wasan marasa aikin yi ne. Ya yarda dai, amma ya ce kada ya ji, kada ya gani.

Ana nan, wata safiya na buɗe kwamfutata, na duba jerin waɗanda ke kan layinmu. Tawa tana nan, ta ƙanwata tana nan, sai ga wata ta uku da ban sani ba. Sunanta QLHQJI. Na karanta daga hagu, na karanta daga dama, bai zama sunan mutum ba. Raina ya ɓaci, domin ni na tsani a ci abina ba sallama.

Kuskurena ɗaya, na faɗa wa Inna. Ta sa tabarau ta leƙa, ta ce, "Ƙulƙuji? A'uzubillahi. Wannan ko dai aljani ne, ko Sinuwa, mutumin ƙasar Sin." Kafin azahar ta turara akwatin intanet da turaren wuta har fitilunsa suka yi dishi-dishi.

Na sa wa layin makulli. Kalmar sirrin "kilishi" ce, kuma na ƙwala wa ƙanwata ita daga ɗaki zuwa tsakar gida, don ni a lokacin haka na fahimci sirri. Washegari bayan Asuba, Ƙulƙuji ya dawo abinsa.

Daga nan Inna ta sauka daga kan aljani ta hau kan ɗan hayarmu. Malamin lissafi ne ɗan Bouaké, muna ce masa Metir, mutum mai shiru-shiru, kuma yana da kwamfuta. A lokacin garin ya cika da labarin 'yan brouteur, samarin da ke damfarar Turawa ta intanet. Inna ta ce ai shiru-shirun nan ma alama ce. Metir ya rantse da Faransanci, ya rantse da Julanci, ya nuna mini kwamfutarsa, sunanta daban. Inna ta ce, "Wanda ya iya lissafi, sauya suna ne zai gagare shi? Alhaji, ka ba shi notis, ƙarshen wata ya bar mana ɗaki."

Baba ya ce, "A dai yi bincike," ya shige ɗakinsa da sauri.

Ni kam tausayin Metir ya kama ni. Matarsa tana da tsohon ciki, kuma samun ɗaki a Treichville ba wasa ba ne. Har ya fara tara kwalaye a bakin ƙofa.

Na kashe akwatin gaba ɗaya don fushi, na hau tasin woro-woro na tafi Adjamé in yi aikina a wani shagon intanet. Aka ba ni wata kwamfuta da aka kawo daga Legas. Na buga "Abidjan", sai na ga "Qbidjqn". Na goge na sake, haka dai. Ashe madannan na Ingilishi ne, cikin kuma na Faransanci, duk inda ka danna A sai Q ta fito. Na yi tsaki, sannan na yi sororo. Na cire Q biyun nan daga sunan Ƙulƙuji a raina, na mayar da A. Dariya ta ƙwace mini har mai shagon ya zo yana tambaya ko lafiya. Alhaji ɗaya ne tak a gidanmu.

Washegari bayan Asuba na kunna akwatin, na yi sallama ɗakin Baba da shayinsa. Yana zaune kan darduma, ya lulluɓe wani abu da babbar riga, rigar kuma tana haske daga ciki.

Na ce, "Baba, ina kwana? Ko in ce Ƙulƙuji?"

Ya ɗago ya kalle ni. Sannan ya yaye rigar, sai ga kwamfuta. Wani abokinsa ne ya kawo masa ita daga Legas, aka sa mata Faransanci a kasuwa, aka ce ya rubuta sunansa da kansa.

Ya ce, "Uwata, tun kafin a haife ki da bakina nake ciniki. Yanzu masu kaya sun ce sai ta imel. Yaran shago ke magana da sunana, ni ina zaune kamar kujera. Na ce bari in koya a ɓoye, kada a yi mini dariya."

Dariyar da na shigo da ita ta gushe. Na ce, "To Metir fa, Baba?"

Ya gyara hularsa, ya rungumi kwamfutar a ƙirji, ya fita tsakar gida inda Inna ke wanke-wanke, maƙwabta na layin famfo. Ya wuce su duka, ya tsaya ƙofar Metir, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Metir, yako, ka yi haƙuri. Kwance kayanka. Ɓarawon ne ya zo da kansa, kuma yana neman malami."