Kawu Tsaki da Motar da Ta Yi Kwantai

Kawu Tsaki ba kawun kowa ba ne a unguwarmu, hayarsa ake yi. In za ka sayi sabuwar mota, sai ka same shi a kan bencinsa ku daidaita, ya zura rigarsa ta fita guda ɗaya tilo, ya bi ka a matsayin yayan mahaifiyarka. Aikinsa a can shi ne kada komai ya burge shi. Shekara talatin ya yi yana facin taya a bakin titin da kamfanonin sayar da motoci suka jeru, har bayansa ya ƙi. Bai taɓa mallakar mota ba, amma ya san wadda ta shigo bana da wadda damina biyu ta samu a wurin. Masu sayarwa duk sun san shi, ya yi kawun mutum ya fi ɗari, sai dai ba wanda ya isa ya kalli mai saye ya ce masa kawunsa na jabu ne.

Ni malamin makaranta ne, shekara tara ina tarin kuɗi. Farar mota nake so, na riga na zaɓe ta, har hotonta na sa a fuskar wayata. Kawu ya dubi hoton, ya ja tsakin da ya samo masa suna, dogo, mai lanƙwasa a ƙarshe.

"Wannan kowa na son ta, ɗana. Abin da kowa ke so ba a yi masa ragi. Kwantai za mu nema."

Ya ce sai ranar ashirin da takwas ga wata, lokacin da kowane manaja ke neman abin da zai nuna wa na sama da shi. Ya kuma kafa mini dokoki: kada in yi murmushi, kada in shafa mota, kada in faɗi abin da ke aljihuna, in ya tashi in tashi ko da ina tsakiyar magana.

Akwai abin da ban sani ba a ranar, sai daga baya. Autarsa tana aiki a kamfanin da ya ja ni. Gwajin wata uku aka ɗauke ta, saura kwana biyu ya cika, ko mota ɗaya ba ta sayar ba. Tsofaffin ma'aikata sun kame motocin da ake rububi, suka bar mata wata mota da ta yi wata goma sha huɗu a lungu. Mutum uku ta samo, manaja ya ƙi yin ragi, duk suka tafi. Shekara biyu ta yi tana yawo da takardu kafin ta samu wannan aikin, kuma ta ɓoye ko 'yar wa ce, don babu kamfanin da zai ɗauki 'yar Kawu Tsaki.

Muna shiga ma'aikata suka watse. Wani ya tuna yana da kiran waya, wani ya yi banɗaki. Aka turo mana sabuwar yarinya. Ta gan shi ta ƙame, da ƙyar ta ce, "Barka da zuwa, Yallaɓai."

"Ke ce sabuwa? Allah ya ba ki haƙuri," in ji Kawu, ya wuce ta kai tsaye zuwa lungu.

Motar tana nan, kalarta kamar shayin da aka yi wa rowar madara. Raina ya ɓaci, ban ma sha wahalar bin dokar murmushi ba. Kawu ya durƙusa da ƙyar, ya karanta shekarar da ke jikin taya da ƙarfi, yadda na ofis za su ji. Ya buɗe ƙofa ya nuna mini wata 'yar takarda da ke manne, mai ɗauke da watan da aka ƙera ta. Ya leƙa birki ya ce har ya fara tsatsa. Ya ce a tayar, aka murɗa makulli, batir ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

"'Yammata, wannan mota ce ko tsohuwar ma'aikaciya? Ku ba ta fansho mana."

Na zaci kuka za ta yi, har na ji haushin tsohon. Sai na ga ta gyara tsayuwa.

"Yallaɓai, batir ana canzawa. Inji ko kwalta bai taɓa gani ba, garanti kuma daga ranar saye yake farawa. Kala ce kawai laifinta, kala kuwa ba ta hawa tudu."

Kawu ya yi sauri ya juya mata baya, yana sosa gemu.

Manaja ya fito da tumbinsa da murmushin dole, ya ce don girman Kawu zai ba mu tabarmin ƙafa kyauta. Kawu ya ce a gida muna da tabarma. Aka ja, aka ja, manaja ya rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya rantse ƙasa da haka asara ce. Kawu ya miƙe, ni ma na miƙe da rabin shayi a hannu. A hankali muke tafiya, shi yana ɗingishin da bai zo da shi ba. A bayanmu na ji yarinyar na cewa:

"Ranka ya daɗe, sabon samfuri zai shigo wata mai zuwa. In wannan ba ta fita yau ba, a kanmu za ta tsufa."

A bakin ƙofa manaja ya cim mana. Kashi ɗaya cikin bakwai ya zubar, da sabon batir, da kuɗin lambar mota. Na sa hannu ina ƙoƙarin tuna dalilin da ya sa nake son farar mota.

Da la'asar muka fito da ita, Kawu ya hakimce a baya. Muna gidan mai wayarsa ta yi ƙara, irin wayar nan da in ana magana duk layi na ji.

"Baba, yau ka kusa kashe ni!"

"An bar ki a aikin?"

"An bar ni. Manaja ya ce wadda ta sayar maka da mota ba za ta bar kamfaninsa ba."

Ya daɗe riƙe da wayar bayan ta kashe. Ni kuwa na juyo da baki buɗe.

"Kawu, ashe ni ne tsutsar ƙugiyarka?"

"Ka taɓa ganin tsutsar da ta koma gida da sabuwar mota? Ladana kuma yana nan, ba ragi."

Na so in yi fushi, fushin ya ƙi zama. Ya ce in koma ta gaban kamfanin, in tafi a hankali. Muna zuwa na hango ta a bakin ƙofa, abokan aikinta sun kewaye ta, manaja na nuna ta da hannu yana ba da labari. Na duba madubi don in ga fuskar Kawu, babu kowa a kujera. Dattijon da duk titin ke tsoro ya sunkuya da ciwon bayansa tsakanin kujeru, don kada wani ya ga yadda yake kallon ta ya gane. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Daga can ƙasa ya ce, "Tana dariya?"

Na ce, "Tana yi, Kawu."

"To, taka mu tafi, kafin a gan ni."